Zafin Makka na neman kayar min da yaro, Goggo kuma ta hana shi gishiri

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a ɓoye sunana. A Makka nake zaune wajen Shara Mansur, mijina ɗan goggona ne kuma gida ɗaya muke da Goggon. Yarana biyu, babban shekararsa tara, ƙaramar watanta bakwai. Babban tun yana shekara uku likitoci suka ce yana da ciwon da ake kira talayyuf kisi, wato sistik faibirosis, ga tari ga majina mai kauri ga rashin ƙiba, kullum muna cikin Creon, maganin da yake taya shi narkar da abinci, da na'urar bukhar ta shaƙar magani. Lokacin sanyi muna lallaɓawa amma da zafi ya shigo sai yaro ya zama wani iri. Kwanakin baya babansa ya tafi da shi Juma'a a ƙafa, suna dawowa ya kwanta yana ta amai ko kai baya iya ɗagawa, sai da aka ƙara masa ruwa a asibiti. Likita yace gishirin jikinsa ne ya sauka, in dinga ƙara masa gishiri a abinci. To Goggo tana da hawan jini an hana ta gishiri kuma tukunyarmu ɗaya, tace ita bata taɓa jin inda gishiri ya zama magani ba, kashe mata jika zanyi, har ta jiƙa masa sanamakki wai ya wanke masa ciki majinar ta fita. Kuma kullum sai tace a danginsu babu wannan ciwon, daga wajen mamata ya zo. Mijina cewa yake shagwaɓa yaron nake, ga kuɗin wuta yayi yawa a dinga kashe mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, da rana. Ni kuma tsoro yasa na hana shi fita gaba ɗaya, ba ƙwallo ba halƙar tahfiz, yanzu fushi yake da ni, ruwan ma sai nayi da gaske yake sha wai baya jin ƙishi. Anti na gaji wallahi, har ina tunanin in kwashe su mu tafi wajen Mama a Jidda sai zafi ya wuce. Ki bani shawara.

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu kinji, Allah ya bashi lafiya ya saka miki da alheri. Shekara shida kina tashi da Creon kina kwana da bukhar sannan a ce miki kashe yaro zakiyi, dole abin ya yi miki ciwo, kuma gajiyar da kika ce kinyi ba rashin haƙuri bane. Bari in fara faɗa miki inda na tsaya tun yanzu dan kar in ja ki da nisa: akan maganar gishiri likita yayi gaskiya kema kinyi gaskiya, wannan ba abin sasantawa bane da kowa a gidan, amma akan kulle shi a ɗaki ban goyi bayanki ba, tafiya Jidda kuma ki ajiye ta tukunna, akwai abubuwan da ya kamata a gwada kafin nan.

Kinsan dalilin da yasa zafi yake kayar da shi fiye da sauran yara? Kowa idan zai yi zufa ruwa ne da gishiri suke tasowa, amma kafin zufar ta iso saman fata jiki yana janye mafi yawan gishirin ya mayar ciki. Mai wannan ciwon, 'yar ƙofar da take wannan aikin ce bata aiki, gishirin sai ya wuce waje abinsa, shi yasa zufarsu takan ninka ta sauran mutane gishiri sau biyu har zuwa sau biyar. Na tabbata kin taɓa sumbatar goshinsa kika ji ɗanɗanon gishiri, ko kika ga fari-fari a wuyan rigarsa da bakin hularsa idan zufa ta bushe. Ai da zufar ma ake gane ciwon, gwajin da aka yi masa yana ƙarami shi kenan, idan sinadarin kulorayid, wanda yake cikin gishirin zufar, ya kai 60 ko ya wuce sai a ce akwai shi. Kuma abin da zaki iya faɗa wa maigidanki, zafi ne ma ya tona asirin wannan al'amari tun farko. A shekarar 1948 anyi wani mugun zafi a birnin Niyu Yok na Amurka, aka dinga kawo yara asibiti sun galabaita, wani likita Paul di Sant'Agnese ya lura da yawansu masu wannan ciwon ne, ya bi diddigi har a 1953 ya nuna cewa gishiri ne ke zubewa ta zufarsu. Zafin can kenan fa, ina ga na Makka da yake haura digiri 45 a watannin nan.

Maganar da yake miki ta baya jin ƙishi kuwa, dan Allah ki daina ɗauka taurin kai ne, gaskiya yake faɗa miki. Ni da ke idan muka yi zufa ruwa muke asara fiye da gishiri, sai gishirin jininmu yayi yawa, wannan ne yake taɓa ƙwaƙwalwa tace tashi ki sha ruwa. Shi kuwa ruwa da gishirin tare suke tafiya, saƙon ƙishin sai yazo a makare ko yazo da rauni, jiki na bushewa shi bai sani ba. Dan haka a wajensa ba a jiran ƙishi, da agogo ake sha. Ya tashi da safe ya sha, kafin bukhar da bayanta ya sha, duk sallah ya sha, kafin ya fita ya sha, idan yana wasa duk bayan minti ashirin ko makamancin haka ya kurɓa. Ma'aunin da ya fi sauƙi shi ne fitsarinsa, idan fari-fari ne kamar ruwan lemon tsami to kuna kan hanya, idan ya yi duhu ko ya ɗauki sa'o'i da yawa bai shiga bayi ba to an makara, a ƙara.

Sai dai ga inda iyaye da yawa suke shiga matsala da kyakkyawar niyya, su dinga ɗura wa yaro ruwa zalla gora bayan gora. Ruwa zalla ga wanda gishirinsa ya riga ya zube ƙara tsinka ɗan abin da ya rage yake, sai kiga yaro ya sha ruwa da yawa amma kasala da amai sun ƙaru. Dole ruwan ya tafi da gishiri. Mafi sauƙi ki je saidaliyya, wato kantin magani, ki sayo ledojin ruwan gishiri da suga irin wanda ake ba yara masu gudawa, basu da tsada kuma ba sai da takardar likita ba, ki duba jikin ledar ki haɗa da daidai ruwan da aka rubuta, kar ki rage kar ki ƙara. Idan dare yayi babu a gida, lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokalin shayi shida na suga a shafe, rabin cokalin na gishiri, shi kenan. Ki sa a firij yayi sanyi ki matsa lemon tsami, yara sun fi shansa haka. Zamzam ma ya sha, alheri ne, kina ma iya haɗa masa da shi, amma zamzam ɗin kaɗai ba zai mayar masa da gishirin da ya zube ba. Lemon kwalba da abubuwan nan na ƙara kuzari ki rage su sosai, suga ne tsagwaronsa gishirin ciki ba wani abin kirki bane, kuma masu wannan ciwon suna da haɗarin ciwon suga irin nasu, shi yasa daga shekara goma ake fara musu gwajin suga duk shekara, naki saura kaɗan ya kai.

Nawa ne gishirin da zai ci a rana? Wannan ba zan yanka miki ba dan ya danganta da nauyinsa da yawan zufarsa da sakamakon jininsa. Ki koma wajen likitan da yake duba shi, kar ki yarda da "ki ƙara masa gishiri" kawai, kice a rubuta miki adadi a takarda, na ranar da yake gida da na ranar da zai fita, kuma ki tambaya ko za'a bashi ƙwayar gishiri ko ruwan gishiri na asibiti wanda ake aunawa. Takardar nan zata yi miki aiki biyu, zaki gani a gaba.

Batun tukunya ɗaya kuwa abu ne mai sauƙi in dai ba'a mayar da shi rigima ba. Ki ci gaba da girki yadda ya dace da Goggo, lafiyarta itama amana ce, gishirin yaro a kwanonsa za'a barbaɗa bayan an zuba. Ki samo masa 'yar kwalbar gishiri tasa shi kaɗai. Sannan ki cika gidan da abubuwan da dama gishiri ne da su kuma yara na so, zaitun, jubna wato cuku, mukallal wato kayan lambun da aka jiƙa a ruwan gishiri, gyaɗa mai gishiri, ƙuli-ƙuli da yaji, kilishi ko dambun nama idan an kawo tsaraba daga gida, ful da tamis, wato dafaffen wake da gurasa, da safe a ƙara masa gishiri da man zaitun, laban, wato nonon shanu, mai sanyi a ɗan sa gishiri a girgiza. Cibis ɗin da ake hana sauran yara shi a wajensa ba laifi. Dabino da ayaba suna taimakawa wajen fotasiyam, wani sinadarin da jiki ke buƙata, dan idan gishiri ya sauka shima yakan bi shi. Kar dai ki manta duk abin da yake da maiƙo ko madara, laban ne ko jubna ko gyaɗa, da Creon ɗinsa yake tafiya ko da 'yar ƙwalama ce tsakanin abinci, ruwan gishiri da suga ne da ruwan 'ya'yan itace basa buƙata.

Yanzu Goggo. Ni dai da na karanta wasiƙarki banga muguwar mace ba, naga tsohuwa wadda likita ya zaunar da ita yace gishiri zai kashe ta, tayi shekaru tana cin abinci lami, sai gashi taga ana barbaɗa wa jikanta abin da aka ce mata guba ne. A iya saninta ceton sa take. Kuma ciwon nan ba'a saba jinsa a ƙasar Hausa ba kamar yadda aka saba jin sikila, bata da wani wanda zata kwatanta da shi. Matsalar ita ce daga bakinki ba zata karɓa ba, ke 'yar ɗan'uwanta ce da ta gani tun kina cikin zani sannan kuma suruka, duk hujjar da kika kawo gardama zata ji. Dan haka ki daina yi mata bayani ke kaɗai. Ranar ganin likita ki roƙe ta ta raka ku, kice Goggo ke kika fi mu fahimtar abin da ya dace da shi, ki taya ni ji. Ki sanar da likitan tun kafin ku shiga cewa kakar yaron na da hawan jini tana tsoron gishiri, ya yi mata bayani da kansa, idan larabcinta baya da ƙarfi a samu mai fassara mata ba ke ba. Sannan ki bata aiki a hannunta, ita zata dinga riƙe gorar ruwan gishirinsa tana kiransa ya sha bayan kowace sallah. Tsofaffinmu idan aka cire su daga kula da jika sai su nemi tasu hanyar, ita ce ta kai ku ga sanamakki.

Shi kuma sanamakkin, wanda muke kira filasko a gida, a nan kam babu kunya babu kara, kada ya sake sha. Maganin wanke ciki ne, gudawa yake sawa, gudawa kuma ruwa da gishiri da fotasiyam take kwashewa, wato daidai abin da ya kai shi asibiti. Majinar ƙirji kuma bata fita ta ciki. Akwai ma wani abu da nake so ki sani, masu wannan ciwon idan jikinsu ya bushe abin cikin hanjinsu yakan yi kauri ya toshe, yawanci ciwon yana kama ƙasan ciki ta gefen dama, ciki ya kumbura, bayan gida ya tsaya ko ya ragu, wani lokacin da amai. Idan kika ga haka asibiti za ku, suna da maganin da suke bayarwa a aune, ba'a jiƙa komai a gida. Goggo tana son tayi wani abu da hannunta, to ga addu'a ga tofi ga ruƙya, ga bubbuga masa baya da ƙirji idan an koya mata yadda ake yi, duk wannan ƙofa a buɗe take.

Zancen daga dangin wa ciwon ya fito, nasan shi ya fi ƙona miki rai. Yadda yake shi ne kamar sikila, sai uwa ta bada uba ya bada sannan yaro yake kamuwa, wanda yake ɗauke da ƙwaya ɗaya lafiyarsa ƙalau bai ma san yana da ita ba, kuma idan iyaye biyu suna ɗauke da ita to kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu. Tunda ke da mijinki 'yan'uwa ne ta wajen babanki, abu ne mai yiwuwa sosai ta tsatson da kuka haɗa ta biyo. Na faɗa miki ne dan ki sauke wa kanki da mahaifiyarki wannan nauyin, ban faɗa miki dan ki je ki jefa wa Goggo ba, ranar da kika ce mata ai daga wajenku ne kin rufe ƙofar da muke ƙoƙarin buɗewa. Babu wanda ya zaɓa, gwajin kafin aure da ake yi a ƙasar nan tun 2004 sikila da wani ciwon jini mai suna talasimiya yake dubawa daga cikin ciwukan gado, wannan sai an nema na musamman. Idan ta sake faɗa kice Allah ne ya ƙaddara mana Goggo, ki tashi ki kama wani aiki, mijinki ne ya kamata ya tsayar da wannan maganar a keɓe tsakaninsa da mahaifiyarsa.

Shi kuma maigida ina ganin abu biyu ne ke damunsa. Yana son ɗansa ya tashi namiji kamar 'ya'yan kowa, yana tafiya masallaci da shi, kuma ina kyautata zaton abin da ya faru ranar Juma'ar nan ya tsorata shi fiye da yadda ya nuna, wasu mazan idan suka ji laifi a ransu sai su koma faɗa. Kar ki fara masa da kai ka jawo. Ki samu lokacin da ya huta bayan isha ki ajiye masa takardar likita da kuɗin da kuka kashe ranar asibiti. Ki tuna masa hukumar ƙasar nan da kanta ta hana a sa ma'aikata aiki a cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba, ƙarti majiya ƙarfi kenan. Ki tuna masa Hajjin 2024 da zafi ya kai digiri 51.8 a Harami, hukuma ta sanar da rasuwar mutum 1,301, a garinku akayi kun gani da idonku. Kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da kansa yayi umarni idan zafi ya tsananta a jinkirta azahar sai gari ya ɗan yi sanyi. Yaro ɗan shekara tara Juma'a bata wajaba a kansa ba, amma ba sai an raba shi da babansa ba, a watannin nan su je masallacin unguwa mai mukayyif, a mota ko da lema, ya sha ruwan gishirinsa kafin su fita. Harami kuma su mayar da shi asuba ko isha, su zauna ta ciki inda ake sanyayawa.

Kuɗin wuta gaskiya ne ba ƙarya yake ba, kar ki raina masa wannan. Amma ba sai an sanyaya gida duka ba, ɗaki ɗaya ya isa, daga hantsi zuwa la'asar kowa ya dawo nan, a sa labule mai kauri a toshe ƙasan ƙofa, a bar mukayyif ɗin wajen digiri 24 ba sai ɗaki ya koma firij ba, dan sanyi mai yawa busar da iska yake majina ta ƙara kauri. Ragar mukayyif ɗin ki dinga cirewa kina wankewa duk sati biyu ta bushe sosai kafin a mayar, kuma yaron baya ɗakin lokacin da ake cirewa, ƙura da fumfuna ne suke taruwa a wajen kuma huhunsa baya son su, ga shi mukayyif mai tsafta ya fi shan wuta kaɗan, wannan sai ya yi wa maigida daɗi. Abin da zan roƙe ki ki haƙura da shi, kuma nasan da wuya a gidan Bahaushiyar Makka, shi ne turaren wuta. Ɗaki a rufe saboda zafi ga hayaƙi na zagayawa, kai tsaye ƙirjinsa yake shiga. Ki turara kaya a wani ɗakin idan baya nan a buɗe taga. Sigari da shisha kuwa ko baƙo ne ya fita waje. Ranar da gari ya tashi da ƙura ya zauna a gida, in dole ne ya sa takunkumi.

Akwai wata ƙwayar cuta da ake kira sudomonas, mai son ruwan da ya kwanta, idan ta zauna a huhun masu wannan ciwon fitar da ita aiki ne. Saboda ita nake cewa kar ki sayi na'urar nan mai fesa raɓa a ɗaki, kuma fankokin da suke feso ruwa a kasuwanni da harabobi kar ya tsaya a gabansu yana shaƙa, ban ce ruwansu da datti ba amma ke baki da hanyar sani. Ki jiƙa masa ƙaramin tawul da ruwan gora ya ɗora a wuya, aikin ɗaya ne. Idan dangi sun kama istiraha, wato gidan hutu, mai wurin wanka ki duba ruwan, in ana sa masa kulorin yana da haske ya shiga abinsa, iyo ma yana da kyau ga ƙirjinsa, in ruwan ya kwana biyu ya fara canja kala to a'a. Kofunan bukhar ɗinsa ma a wanke a tafasa ko a bi yadda aka koya miki, su bushe ƙarau kafin a rufe.

Magungunan su ma zafi na kashe su. Creon idan ya sha zafi ƙarfinsa raguwa yake, sai kiga yaro na shan magani amma ciki na kumburi bayan gida na maiƙo, ki duba kwalin zaki ga iyakar zafin da aka rubuta, yawanci digiri 25 ne, dan haka ba'a barinsa a mota ko kusa da murhu ko a aljihun wando. Idan yana amfani da Pulmozyme, maganin shaƙa mai tsinka majina, wannan a firij yake zama tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba a firiza ba, in za ku fita a sa shi a 'yar jakar sanyi, wanda ya yi gauraye ko ya canja kala a zubar. Kuma duk sanda aka rubuta masa maganin ƙwayoyin cuta ki tambaya ko yana sa rana ta ƙona fata, sifurofuloksasin yana yi. Maganin zazzaɓi irin su Brufen kuma kar ki bashi lokacin da jikinsa ya bushe sai likita ya ce, saboda ƙoda.

To sai shi mai gayya. Ƙanwata ki buɗe masa ƙofa. Nasan abin da kika gani ranar nan ba zai bar idonki da wuri ba, amma guje-guje a wajensa magani ne, shi yake motsa majinar ta taso, yaron da ya wuni kwance yana kallon waya ƙirjinsa cika yake. Kuma shekara tara ya isa ya fara jin cewa shi daban ne, idan ciwo ya zama dalilin raba shi da abokai da halƙa to zai tsani ciwon ya tsani maganin ya tsani gorar ruwan, kinga ma ya fara. Lokaci kawai za'a canja. Ƙwallo bayan magariba ko isha, Makka ai da dare take rayuwa a watannin nan, ko da sassafe bayan asuba. Halƙa ki nemi wadda ake yi bayan magariba, in babu to babansa ko wani babba ya kai shi a mota, a yi wa malamin bayani cewa zai dinga sha a tsakiyar karatu kuma a barshi ya fita bayi. Haka idan an koma makaranta zafi bai gama sauka ba, ki kai musu kwafin takardar likita, kar a tsayar da shi a rana. Ki zaunar da shi ki yi masa bayanin zufarsa yadda na yi miki, yara suna ganewa fiye da yadda muke zato, ku yi yarjejeniya, gora ɗaya kafin fita, ɗaya a hannu ya dawo da ita babu komai, wani abu mai gishiri a aljihu, wanda ya cika sharaɗi gobe ma zai fita. Idan ya fara sha'awar azumin nafila irin na yara ki lallashe shi ya bari, in ya girma ma maganar azumi da likita da malami za'a yanke ta, Allah ya yi wa mara lafiya rangwame.

Ki rubuta alamomin nan ki manna a jikin firij dan kowa a gidan ya sani har Goggo. Idan yayi laushi, ya ƙi abinci, kansa na ciwo, naman ƙafarsa ko cikinsa na ɗaurewa, yana ƙwafa babu dalili, to a shigar da shi sanyi a cire masa kaya masu nauyi a fara bashi ruwan gishiri da suga kaɗan-kaɗan. Idan amai ya hana ruwan zama, ko awa ɗaya zuwa biyu babu sauƙi, ko fitsari ya tsaya, asibiti kai tsaye, kuma da kun isa ki faɗi sunan ciwon kice a yi masa gwajin gishirin jini, tahlilin amlah, kar a ce ciwon ciki ne kawai a sallame ku. Idan kuwa ya fara surutai ko baya gane mutane, ko ya suma, ko jijjiga, ko jikinsa yayi zafi rau, a kira motar asibiti a 997 nan take, kafin su iso a dinga zuba masa ruwa mai sanyi ana fifita, kar a ɗura wa wanda baya cikin hayyacinsa komai a baki. Tambaya ta dare wadda bata kai gaggawa ba kuma akwai 937 na ma'aikatar lafiya.

Jidda fa? Ban hana ki zuwa wajen Mama ba, kina ma buƙatar hutun, amma ki sani ba gudun zafi kika yi ba, zafin Jidda da laima yake zuwa, zufa ta yi ta zuba bata bushewa, gishirin da zai rasa a can ba zai gaza na Makka ba. Kuma idan kika fita da fushi to zaki dawo ki tarar da tukunyar da mukayyif ɗin da Goggon yadda kika barsu, ga ƙarin an ce kin yi yaji. Ki gwada waɗannan na sati biyu zuwa uku. Idan an samu canji sai ki je ziyara da izini da fara'a ki yi sati ki huta, Mama ta riƙe miki jaririya ki samu barci. In da hali ma Ɗa'if ta fi Jidda sanyi nesa ba kusa ba, sai dai tudu ce sama da mita 1,800, ki tambayi likita ko numfashinsa zai ɗauka. Idan kuwa bayan likita yayi magana an ci gaba da hana shi gishiri ko aka sake bashi jiƙo a ɓoye, to nan magana ta wuce taki, ki sa babanki a ciki, ɗan'uwanta ne zai iya faɗa mata abin da ke ba zaki iya ba, kuma a wannan halin tafiya da yaron zuwa inda za'a bi umarnin likita ba yaji bane.

Idan kun je asibitin ki tambaya ko an san irin canjin ƙwayar halittar da yake ɗauke da shi, dan akwai sababbin magunguna irin su Trikafta da aka fara amfani da shi a Amurka a 2019, yana gyara aikin ƙofar nan da na faɗa miki, amma ba kowane iri yake yi wa aiki ba kuma yana da tsada sosai, likitan ne zai faɗa miki ko naku na ciki da kuma hanyar da ake bi. Sannan 'yar ƙaramar, baki ce min an gwada ta ba. Ki nemi a yi mata gwajin zufa a wannan zuwan, ko da kina ganinta ɓul-ɓul, dan jarirai sun fi kowa saurin faɗuwa da zafi, nono gishirinsa kaɗan ne, kuma wasu ta haka ake fara gane suna da ciwon. Kafin sakamako ya fito kar ki bata gishiri da kanki, ki dai yawaita bata nono ki ajiye ta a ɗaki mai sanyi, in kika ga ta yi laushi ko tana ƙin kama nono ko amai ki kai ta a ranar. Ki sake rubuto min bayan kun ga likita in ji adadin da ya rubuta da yadda Goggo ta karɓi maganar, Allah ya ba yaronmu lafiya ya raya miki su.